Haƙƙin Ɗalibi Mabuƙaci a Kan Al'ummarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita ɗan Adam da hankali da ilimi, Ya kuma sanya wasunmu masu hali wasunmu mabuƙata, domin Ya jarraba kowa da abin da Ya ba shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Ni malamin Larabci ne a wata sakandaren Islamiyya a nan Kumasi, kuma ban kai matsayin da zan yi wa manya wa'azi ba. To amma akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda na ga ya wajaba in faɗe shi a wannan fili namu, ko Allah Ya sa a sami wanda zai ji ya yi aiki da shi. Al'amarin kuwa shi ne halin da yaranmu 'ya'yan talakawa suke shiga bayan sun gama sakandare, sun ci jarrabawa, jami'a ta kira su, amma babu kuɗin tafiya.

ABIN DA YA SA NA ƊAUKI ALƘALAMI

A cikin ɗaliban farko da suka gama a hannuna akwai wata yarinya marainiya, wadda ban taɓa ganin ta makara ba, kuma duk ajin babu wanda ya kai ta fahimtar nahawu da lissafi. Da sakamakon WASSCE ya fito, jimillar makinta 9 ce a darussa shida. Wanda ya san tsarin ya san cewa mafi kyawun jimilla ita ce 6, saboda haka 9 ba ƙaramin abu ba ne. Muka yi murna a ɗakin malamai, muka yi mata addu'a, sannan kowa ya kama gabansa.

Bayan wata biyar, wata rana da safe na tsaya sayen koko a Aboabo, sai na ga wannan yarinya a durƙushe gaban kasko tana suyar ƙosai. Na ce mata, "Ke da nake tsammanin kina jami'a?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ustaz, takardar ta zo, tana cikin akwatin Mma." Da na tambayi mahaifiyarta, sai ta ce, "Malam, mun lissafa kuɗin makaranta da na ɗaki, muka ga ko na sayar da kaskon nan da tukwanen duka ba za su kai ba. Mu kuwa ba mu saba roƙo ba." Ranar ƙarshe ta biya ta wuce, an ba wani gurbin. A lokacin ba a fara shirin biya wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu ba.

Wallahi ranar na koma gida da nauyi a zuciyata. Shekara uku ina koya wa yarinyar nan mubtada'i da habari, amma ban taɓa tambayarta wa ke ciyar da gidansu ba. Akwai hanyoyin neman tallafi da na sani tun ina ɗalibi, ban faɗa mata ko ɗaya ba, domin na ɗauka aikina ya ƙare a bakin allo. Don haka wannan nasiha da kaina na fara, kafin ta iso gare ku.

SHIN WANNAN MAGANA TA ADDINI CE?

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar Musulunci da maganar jami'a da sikolashif? Amsa ita ce, malamanmu sun kasa ilimi kashi biyu. Akwai farilla ta kowa da kowa, wato sanin Allah da tsarki da salla da azumi da hukuncin sana'ar da mutum yake yi. Akwai kuma farillar da idan wasu suka ɗauke ta ta faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bar ta to dukkan al'umma sun yi laifi. Ita ce ake kira farilla kifaya. Imamu Gazali a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya lissafa likitanci da lissafi a cikin wannan kashi na biyu, har ma ya koka da yadda a zamaninsa za a sami gari babu likita Musulmi ko ɗaya, alhali kowa ya tafi gardamar rassan fiƙihu.

To mu duba kanmu. Sau nawa iyayenmu mata suke cewa sun fi son mace ta duba su a asibiti? Wa zai zama wannan likitar idan mai jimilla 9 tana bakin kasko? Sau nawa aka taɓa filin masallaci ko na maƙabarta a unguwanninmu muka rasa lauya namu da ya san dokar ƙasa kuma ya san darajar abin da ake magana a kai? Kowane damina kwatocin Nima da Mamobi da Aboabo suna cika su shiga ɗakunan mutane, to injiniyan da zai gyara su daga ina zai fito?

Manzon Allah (S.A.W.) bai raina irin wannan ilimi ba. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an karɓi fansarsu da cewa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Malaman nan mushirikai ne, ɗaliban kuwa 'ya'yan Musulmi. Haka nan ya umarci Zaidu ɗan Sabit (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa.

Mu mutanen zango ba baƙin ilimi ba ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya koma Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a 1934, ya bar ɗalibai da rubuce-rubuce na Larabci da Hausa waɗanda har yau masana ke nazari. Abin da ya sa kakanninmu suka ƙi boko shi ne tsoron kada a raba 'ya'yansu da addini a makarantun mishan, kuma tsoronsu yana da dalili. Amma tun 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, yaro yana iya karanta Larabci da kimiyya a inuwa ɗaya. Tun watan Satumba na 2017 kuma sakandaren gwamnati ta zama kyauta. Ke nan katangar da ta tare iyayenmu ta matsa gaba. Yanzu a ƙofar jami'a take tsaye.

YADDA MAGABATA SUKA YI DA ƊALIBI TALAKA

A masallacin Annabi (S.A.W.) akwai wata rumfa da ake kira Suffa, inda talakawan sahabbai waɗanda ba su da gida ko dukiya suke kwana suna koyon ilimi. Mutanen Madina ne suke ciyar da su, wani ya tafi da mutum ɗaya gidansa, wani biyu, wani ya rataye zangarniyar dabino a masallaci domin su ci. Daga cikin wannan rumfa Abu Huraira (R.A.) ya fito, wanda ya fi kowane sahabi yawan ruwayar hadisi. Da mutanen Madina sun ce masa ya je ya nemi na kansa, da an yi asarar da ba a iya ƙiyasta ta.

Ku koma ku karanta aya ta 273 a Suratul Baƙara da tafsirinta. Tana magana ne a kan wasu mabuƙata waɗanda kamun kansu yake sa wanda bai sani ba ya zaci mawadata ne, domin ba sa nacin roƙo, sai dai a gane su ta alamunsu. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce mutanen Suffa ake nufi tun farko. Ni dai duk lokacin da na karanta ayar nan sai mai ƙosan Aboabo ta faɗo mini a rai. Darasin da ke ciki shi ne, irin waɗannan mutane ba za su zo ƙofarka ba, kai ne za ka je ka neme su.

Ga kuma labarin Abu Yusuf, babban almajirin Imamu Abu Hanifa a birnin Kufa. Talaka ne ƙwarai, har gidansu suka matsa masa ya bar zaman karatu ya tafi neman abinci. Abu Hanifa ya lura ba ya ganinsa a majalisi, ya tambaya, aka kawo shi. Da mutane suka watse sai ya miƙa masa jaka mai dirhami 100, ya ce ya lizimci karatu, idan sun ƙare ya sanar da shi. Abu Yusuf ya ce bai taɓa buɗe baki ya sanar ba, amma kafin su ƙare sai wasu su zo. Wannan yaro shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Halifa Haruna Rashid, ya rubuta Kitabul Kharaj a kan dukiyar gwamnati da haraji, ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira. Ku lura da abu biyu: malamin ne ya fara lura da rashin ɗalibin, kuma sai da mutane suka watse sannan ya ba shi.

Daga baya Musulmi suka mayar da wannan abu tsari ta hanyar waƙafi. Makarantar Nizamiyya da aka buɗe a Bagadaza a 1067 tana ba ɗalibai wurin kwana da kuɗin guzuri. A Azhar ta Masar a da akwai sassan kwana na ɗaliban ƙasashe daban-daban, har da na mutanen Barno da na Takrur, wato mu baƙaƙen Afirka ta Yamma, ana raba musu gurasa daga dukiyar waƙafi. Saboda haka idan ka ji an ce tallafin karatu na mabuƙata, kada ka ɗauka baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana.

SHIN ZAKKA TANA HALATTA GA ƊALIBI?

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, na farko da na biyu su ne faƙirai da miskinai. Malamai sun tattauna a kan saurayi mai ƙarfi wanda zai iya sana'a amma karatu ya ɗauke masa lokaci. Imamu Nawawi a cikin Al-Majmu'u ya bayyana cewa idan neman kuɗi zai yanke shi daga neman ilimin shari'a, kuma ana sa ran zai amfana ya amfanar, to zakka ta halatta gare shi. Wanda kuwa ya zauna domin nafilfili kawai ba a ba shi, saboda amfanin nafila ga mai ita kaɗai yake tsayawa, amfanin ilimi kuwa yana kaiwa ga jama'a. Shehu Yusuf Ƙardawi, Allah Ya jiƙansa, a cikin Fiƙhuz Zakat ya shigar da duk ilimi mai amfani da al'umma take buƙata a cikin wannan hukunci, na addini ne ko na rayuwa.

Yarinya irin wadda na ba ku labari kuwa ba a ma buƙatar doguwar magana a kanta, domin ita da mahaifiyarta suna cikin miskinai tun asali.

Sai dai a kula. Mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, kamar ɗansa ƙarami ko iyayensa. Amma ɗan wanka, da 'yar ƙanwarka, da ɗan maƙwabci, duk suna iya karɓa, kuma ba ɗan'uwa na jini lada biyu ne, na sadaka da na zumunci. Wanda dukiyarsa ta kai kimar giram 85 na zinariya, shekara ta kewayo a kanta, zai fitar da 2.5 cikin 100. Ya ku Alhazai da Hajiyoyi na kasuwar Kejetia da Asawase, maimakon a canja zakkar nan zuwa ƙananan takardu a raba wa mutum ɗari a ƙofar gida, kowa ya ci na yini ɗaya gobe ya dawo, me zai hana a ware wani kaso a ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya har ya gama?

ƘOFOFIN DA YA KAMATA KOWANE ƊALIBI YA SANI

Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha. Ga wasu ƙofofi, kowa ya rubuta ya ajiye.

Na farko, na gwamnati. Akwai ofishin tallafin karatu na ƙasa da aka kafa tun 1960, da asusun GETFund da aka kafa a 2000. Akwai Asusun Raya Zango, wanda doka mai lamba 964 ta 2017 ta kafa, kuma ilimi yana cikin ayyukan da aka ɗora masa. A watan Yuli na 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin da ta kira No Fees Stress a Koforidua, domin ɗauke wa 'yan shekarar farko a manyan makarantun gwamnati kuɗin karatu. Wannan sauƙi ne babba, amma a sani cewa kuɗin ɗaki da abinci da littattafai da mota suna nan a kan ɗalibi, haka nan kuɗin shekara ta biyu zuwa ƙarshe.

Na biyu, jami'o'in da kansu. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da ofishi na musamman domin taimakon ɗalibai marasa hali, KNUST ma tana da nata a ƙarƙashin sashen kula da al'amuran ɗalibai. Gidauniyar Mastercard ta fara ɗaukar nauyin ɗalibai masu ƙoƙari marasa hali a jami'ar Ashesi a 2012, a KNUST kuma a 2014, kuma nata tallafin yana haɗawa da kuɗin karatu da ɗaki da guzuri. Gidauniyar MTN da ta kamfanin man fetur na ƙasa GNPC su ma sun ba da irin nasu.

Na uku, namu na Musulmi. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Ƙasa a 1993, ya kafa asusun ilimi da ake kira SONSETFUND, Allah Ya saka masa da alheri. 'Yan majalisa Musulmi sun kafa Asusun Zakka da Sadaka a 2010, wanda tallafa wa ɗalibai yake cikin ayyukansa. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda kuma ya fara wani shiri a 1983 domin al'ummomin Musulmi da ke zaune a ƙasashen da ba mambobinsa ba, a fannoni irin su likitanci da injiniyanci da noma. Tsarinsa abin koyi ne: bashi ne marar ruwa, idan ɗalibi ya gama ya sami aiki sai ya mayar da kuɗin a wani asusun waƙafi na ƙasarsa, a ba wani ɗalibin.

Kowace daga cikin waɗannan tana da sharuɗɗanta da lokacinta, kuma sukan canja daga shekara zuwa shekara. Saboda haka a je ofishinsu ko shafinsu na intanet a karanta da ido, kada a dogara da "an ce" na majalisar ataya.

NASIHA GA ƊALIBI

Ya kai ƙanena, ya ke ƙanwata da kuke aji uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu daga cikin waɗannan ƙofofi ana buɗe su ne a rufe tun kafin sakamako ya fito. Tun yanzu ka tanadi katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina. Mu mutanen zango wannan matsala ta yi mana yawa: a wata takarda Mohammed, a wata Muhammad, a wata an sa sunan kaka a madadin na uba. Ƙaramin abu ne, amma yana iya tsayar da fom ɗinka. Idan mahaifi ya rasu, a nemi takardar shaidar rasuwa. Ka roƙi shugaban makaranta ko malamin da ya san ka da gaske ya rubuta maka shaida da wuri.

Ka sani kuma talauci kaɗai ba ya buɗe ƙofar nan, sai an haɗa da ƙoƙari. Jami'a tana neman daga A1 zuwa C6 a darussa shida, uku na dole har da Turanci da lissafi, uku na zaɓi. Wanda ya faɗi ɗaya yana iya sake zama a jarrabawar masu zaman kansu. Tawakkali shi ne ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya koya wa wani mutum da ya tambaye shi.

Idan an ce ka rubuta halin gidanku, ka faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan mahaifiyarka waakye take sayarwa ka rubuta haka, sana'a ce ta halal wadda ta raine ka. Cika fom domin neman abin da aka ware saboda irinka ba shi ne roƙon da shari'a ta zarga ba. Kuma kada ka tsaya a ƙofa ɗaya, ka buga uku ko huɗu. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ta MoMo zai sa sunanka a jerin waɗanda za a ba, ka guje shi, domin ko dai ɗan damfara ne ko mai cin hanci, kuma Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

GARGAƊI GA MAI CIN RABON TALAKA

A 2024 'yan jaridar bincike na The Fourth Estate sun wallafa rahoto da ya nuna yadda 'ya'yan wasu manya da masu hali suka sami tallafin gwamnati da aka ce na masu ƙoƙari ne marasa hali. Mutane sun yi ta Allah wadai, mu ma mun yi. To amma kafin mu nuna wani da yatsa mu tambayi kanmu: a cikinmu babu mai gidan haya da motoci a hanya wanda zai sa ɗansa ya rubuta cewa ubansa ba ya aiki? Babu wanda zai je wurin limami ko Sarkin Zango ya nemi a sa masa hannu a kan abin da dukansu suka san ƙarya ne?

Ya ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Gurbin nan ƙidayayye ne. Idan ka shiga, wani ya fita, kuma wanda ya fita maraya ne ko ɗan bazawara da ba shi da wanda zai yi masa magana. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma wanda ya sa hannu da wanda ya rubuta duk sun yi tarayya a ciki. Digirin da aka gina a kan haƙƙin maraya, albashin da zai biyo bayansa wace albarka za a samu a ciki? Idan Allah Ya hore maka, ka biya wa ɗanka, ka gode Masa da ba kai ne mai nema ba.

MAGANAR BASHI MAI RUWA

Da yawa daga ɗalibai suna tambayata game da asusun bashin ɗalibai na gwamnati, wanda aka kafa a 2005, wanda kuma tun 2022 ake iya nema da katin ɗan ƙasa ba tare da mai tsayawa ba. Gaskiya ita ce bashin yana da ruwa a kansa, kuma haramcin riba a Musulunci ba abin jayayya ba ne. Ko halin wani ɗalibi ya kai lalurar da take sauƙaƙa hukunci, wannan fatawa ce, ni kuwa ban kai ba. A je wurin malamai masana a faɗa musu halin da ake ciki dalla-dalla.

Abin da zan iya faɗa shi ne, bai dace mu hau mumbari mu ce wa yaro kada ya taɓa bashin nan, sannan mu sauko mu wuce shi ba mu ba shi komai ba. Idan muka rufe masa wannan ƙofa, wajibi ne mu buɗe masa wata. Al'ummar da ta bar ɗanta tsakanin riba da barin karatu, ita ma za a tambaye ta.

ABIN DA ZA MU IYA YI DA HANNUNMU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce masallaci ɗaya yana da mutum 200 da za su ajiye sidi 5 kowace Juma'a. Sidi 1,000 ke nan a mako, sidi 52,000 a shekara. Masallatan Juma'a nawa ne a Kumasi? Nawa ne a Ankara, daga Sabon Zango zuwa Fadama da Madina? Nawa muke kashewa a yayin biki ɗaya, zanen da za a ɗaura yini guda a jefa a akwati? Ban ce a daina biki ko suna ba, amma idan kowace ƙungiyar mata da ta fitar da yayi za ta ɗora sidi kaɗan a kan kowane zane domin ɗalibai, da an ga bambanci.

Ga shawarata ga ƙungiyarmu. Na ɗaya, a kafa kwamiti na mutum biyar, a sa mace aƙalla biyu, domin su ne suka san abin da ke cikin gidaje. Na biyu, kowace shekara kafin a fara WASSCE a bi makarantu da unguwanni a rubuta sunayen 'yan aji uku mabuƙata, a asirce, ba tare da an kira sunan kowa a lasifika ba. Na uku, 'yan'uwanmu da suke jami'a ko suka gama su ware Asabar biyu su zauna da ƙannensu da kwamfuta a cika fom tare. Wannan ba ya cin ko pesuwa. Na huɗu, a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, a raba kuɗin zakka daban da na sadaka, domin zakka mallaka wa mabuƙaci ake yi, ba a mayar da ita bashi. Daga kuɗin sadaka da waƙafi ne za a iya ba da bashi marar ruwa, a rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, wanda ya shiga ƙunci kuma a jinkirta masa. Na biyar, a karanta wa jama'a lissafin shiga da fita kowane wata uku, domin abin da ya kashe asusai da yawa a zango shi ne rashin bayani. Kuma kada a duba ƙabila ko ɗariƙa. Bahaushe ne ko Badagombe, Bazabarme ko Bamoshe, Kotokoli ko Bafulatani, ɗan Tijjaniyya ko Ahlus Sunna, ma'auni biyu ne kawai: buƙata da ƙoƙari.

Kai kuma da aka ɗauki nauyinka, amana ce a wuyanka. Kada ka je jami'a ka bar salla, kada ka dawo kana jin kunyar unguwar da ta tara maka sidi biyar-biyar. Ranar da ka karɓi albashin farko bayan hidimar ƙasa, ka tuna akwai wani a bayanka.

RUFEWA

Yarinyar da na ba ku labari ta yi asarar shekara guda. Da shekara ta kewayo muka zauna da ita muka cika fom huɗu, uku suka ƙi, ɗaya ya karɓa. Matan adashin mahaifiyarta suka ba ta kwasar farko ta sayi katifa da akwati da kuɗin mota. Yanzu tana karatun haɗa magunguna, alhamdu lillahi. Amma a ajinsu akwai wani yaro da shi ma ya ci, wanda ban je nemansa da wuri ba. Da na je gidansu aka ce ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya. Har ranar da nake wannan rubutu mahaifiyarsa ba ta ji muryarsa ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.

Hadisi ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa ayyukan mutum suna yankewa da mutuwarsa in ban da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wanda ya ɗauki nauyin karatun ɗan talaka ana fata ya sami rabo a cikin ukun nan gaba ɗaya.

Sakamakon bana yana tafe. Kowannenmu ya san gida ɗaya a layinsu da ake da ɗan aji uku. Ka je ka yi sallama, ka gai da iyayen, ka tambaya cikin ladabi: in sakamako ya yi kyau, wane shiri aka yi?

Allah Ya buɗa wa iyayenmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba yaranmu nasara a jarrabawa, Ya tsare mu daga cin haƙƙin maraya, Ya mayar da waɗanda suke kan hanya gida lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.